EPUB, HTML ko rubutu zalla: wanne zan sauke a waya?

Ummu Karatu:
Assalamu alaikum. A shafin Project Gutenberg littafi guda yana zuwa da fayiloli kala-kala: EPUB3, Kindle, HTML da wanda suka kira rubutu zalla na UTF-8. Me ya bambanta su, kuma wanne ya dace da waya? Sannan me ke sa ƙ da ɗ su rikiɗe zuwa wasu alamomi a wasu fayilolin Hausa? Allah Ya saka da alheri.

Mai Gyaran Rubutu:
Wa alaikumus salam, Malama. Littafin ɗaya ne, bambancin yana ga alamomin da aka cusa cikin rubutun don gaya wa na'ura matsayin kowane yanki. A HTML, `<h2>Babi na Ɗaya</h2>` na nufin wannan kan babi ne, `<p>` sakin layi, `<i>` kuma rubutu mai karkata. Mai karatu ba ya ganinsu, manhaja ce ke bin umarninsu.

Rubutu zalla ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da shi Michael Hart ya fara aikin Project Gutenberg a 1971, kuma har gobe kowace na'ura za ta buɗe shi. Amma ba hoto, ba jerin babi da za ki taɓa ya kai ki, kalmar da ya kamata ta karkata kuma sai dai a saka ta tsakanin layuka biyu, _kamar haka_. Babban aibinsa a waya shi ne an yanke kowane layi a wajen harafi 70. Fuskar waya ba ta ɗaukar 70, sai ki ga layi ɗaya cikakke, na biye kalma biyu, haka har ƙarshen littafi.

Don karatu a waya ki ɗauki EPUB3. Rubutunsa yana bin girman fuskar, ki ƙara girman haruffa ya sake jera kansa, ya kuma tuna inda kika tsaya. In data ta yi ƙaranci akwai EPUB marar hotuna, ya fi sauƙi sosai. Idan kuwa HTML na cikin zip kika sauke, ki warware shi gaba ɗaya, kada ki raba shafin da jakar hotunansa, don da sunan jakar yake nemo su.

Na Kurmi:
Malam ya gama da na farko, bari in taɓa maganar haruffa. Cuta uku ce ake haɗawa wuri ɗaya, kowace da maganinta.

Idan kika ga Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, fayil ɗin lafiyarsa lau. UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, yana ajiye ƙ da bayit biyu (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne), manhajar kuma ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Shi ya sa harafi ɗaya ya zama biyu. A HTML a duba ko akwai `<meta charset="utf-8">` can sama; a rubutu zalla a sake buɗewa a zaɓi UTF-8. Kada dai a adana shi yana cikin wannan hali, don ɓarnar za ta zauna daram.

Idan ɗan akwati ne fanko, nau'in haruffan da manhajar ke aiki da shi ne ba shi da masu ƙugiya. A canza zuwa Noto Sans ko Charis SIL, nan take za su fito.

Mai ciwon ita ce alamar tambaya, a ga ?asa maimakon ƙasa. Wani ya adana fayil ɗin da tsohon tsarin haruffa na ANSI a Notepad, kuma wannan tsarin ba shi da gurbin ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, sai ya jefar da su. Ba saitin da zai dawo da su. Sai an koma ga hoton shafin asali an gyara ɗaya bayan ɗaya, domin ?asa na iya zama ƙasa, na iya zama ɗasa. Masu aikin sa-kai na shigar da littattafai kwamfuta su kiyaye wannan tun ranar farko.

Ummu Karatu:
Na gode ƙwarai, Malamai. To in na ga kuskure a cikin EPUB, ana iya gyarawa?

Mai Gyaran Rubutu:
Ana iyawa. EPUB zip ne da aka sauya wa suna. Ki kwafi fayil ɗin, ki mai da ƙarshen sunan .zip, ki buɗe. Za ki tarar da ƙaramin fayil mai suna mimetype, da jakar META-INF mai ɗauke da container.xml, da fayil na .opf wanda ke riƙe da sunan littafi, harshensa da jerin yadda babi-babi za su biyo juna. Babin kansu XHTML ne.

Nan ake tuntuɓe. XHTML yana bin dokar XML, ba ya yafiya irin ta burauza. Ki buɗe `<i>` ki manta `</i>`, ko ki rubuta & tsirara maimakon `&amp;`, babin gaba ɗaya na iya ƙin buɗuwa. Wajen sake ɗaurewa kuma dole mimetype ya zama na farko a cikin zip ɗin, ba tare da an matse shi ba, abin da manhajojin zip na yau da kullum ba sa kula da shi. Saboda haka ki yi gyaran a Sigil ko a editan Calibre, dukansu kyauta ne kuma suna ɗaurewa daidai, sannan ki bi da EPUBCheck, zai nuna miki fayil da lambar layin da matsala take. In littafin Hausa ne, ki tabbatar `<dc:language>` na ɗauke da ha.

Amma gyaran da kika yi a kwafinki ke kaɗai zai amfana. Ki aika wa masu kula da ɗakin karatun lambar littafin, da jimlar yadda take, da yadda ya kamata ta kasance. A Project Gutenberg daga babban fayil na HTML ake fitar da EPUB da Kindle, don haka in an gyara can, sauran za su biyo.