Kaji, tattabaru da akuya a bayan gida a Ikorodu: ta ina zan fara?

Bakatsine_Ikorodu:
Assalamu alaikum. Na samu gida a hanyar Ijede, da ɗan fili a baya, kamar ƙafa 30 da 20. Ina so in zuba kajin gida da tattabaru, ƙila da akuya biyu, don yara su tashi sun saba da dabba. Maƙwabtana Yarbawa ne, kuma mai katangar dama tana da lambun ganyen miya, ugu da ewedu. Me zan fara da shi, kuma me ya fi kashe kiwo a nan?

Malam_Agege:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, danshi ne ke kashe kiwo a Legas. Akurkin ƙasa irin na gida ba ya yi a nan, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Ka ɗaga ɗakin kamar ƙafa biyu daga ƙasa, ka sa raga ta ɓangare biyu don iska, rufin kwanon ya zarce bango yadda feshin ruwa ba zai shiga ba. A ƙasa ka shimfiɗa dusar katako mai kaurin yatsu huɗu. Ana samunta wurin masu yankan katako. Da ta jiƙe ko ta fara warin fitsari, kwashe ta. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke kawo kashin jini ga 'yan tsaki, maganinsa amprolium a ruwan sha, amma in ba ka canza shimfiɗar ba, dawowa zai yi.

Fara da kaji biyar da zakara ɗaya. In ka sayo a kasuwa, ka ware su mako biyu kafin ka haɗa da wasu. Rigakafin cutar Newcastle kada ka yi wasa da shi, ita ce mai murɗe wuya da koren kashi, tana share akurki cikin 'yan kwanaki. Akwai rigakafin da ake kira I-2, ɗigo ɗaya a ido duk wata huɗu. In Lasota ce, wato rigakafin da ake ba su a ruwan sha, a ajiye ta cikin sanyi, a haɗa da ruwan rijiya mara sinadarin chlorine, su shanye cikin awa biyu. Kaza kwana 21 take kwanci, ƙwai 10 sun ishe ta.

Hajiya_MaiShila:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni da tattabaru zan ce ka fara, su ne daɗin gida. Aure biyu ya isa. Ka rufe su mako uku zuwa huɗu, kana ba su dawa ko gero a lokaci ɗaya kullum da yamma, kana fito ko kaɗa gwangwani. Ranar da za ka sake su, kada ka ba su abinci da safe, yunwa ce za ta dawo da su. Sun fi zama in sun riga sun saka ƙwai.

Ƙwai biyu tattabara take yi, kwanci kamar kwana 18, namiji ya karɓe ta da rana ita kuma ta kwana a kai. Makon farko ka sa yara su leƙa su ga yadda ɗan shila ke cusa baki cikin bakin uwa yana tsotsa, jikinsa duk gashi rawaya-rawaya. Wata ɗaya ya isa yanka, kuma in maƙwabciya ta haihu, farfesun 'yan shila ya fi dogon jawabi. Ka ajiye musu faranti mai faɗi da ruwan wanka, da tsakuwa ƙanana. Ɓera ne ke shan ƙwan, don haka kyanwa tana da amfani, sai dai ɗakin ya zama inda ita ma ba za ta hau ba.

Sarkin_Turke:
Akuyar nan ka dakata da ita sai ka yi shinge. Akuya ɗaya tana cinye lambun ugu kafin ka idar da sallah, kuma daga nan gaisuwa ta ƙare. In za ka saya, ka nemi gajerar akuyar kudu, ta fi jar akuyar Sakkwato jure danshi. A yi mata rigakafin PPR, cutar awaki mai kawo majina da zawo, a ba ta maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta, ta kwana a kan dakalin katako don kofato kada ya ruɓe. Ɓawon rogo abinci ne mai kyau, amma sai ya bushe ƙayau a rana, ɗanyensa yana da guba.

Kafin ka kawo komai, ka shiga ka gaishe da Mama mai lambu, ka faɗa mata. Ɗakin zakara ka nisanta shi da tagar mutane. Kashin kajin kuwa ka tara shi wata biyu ya huce, ka riƙa miƙa mata buhu. Ɗanye yana ƙona shuka.

Bakatsine_Ikorodu:
Na gode, Allah ya saka. Hajiya, ramin kwancin tattabarun wane girma zan yi?

Hajiya_MaiShila:
Ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare, kuma rami biyu ga kowane aure, don takan sake yin ƙwai tun 'yan shilan farko ba su tashi ba.