Zagayen Nuwamba ko na Janairu: wanne ya kamata 'yata ta ɗaure kanta da shi?

Baban Ɗaliba:
Assalamu alaikum. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare a Kaduna, kuma tana neman gurbin karatu a Amurka. Jami'ar Brown ce ta fi kwanta mata a rai, sai Johns Hopkins ta biyo baya. An bayyana mana cewa wanda ya nema ta hanyar da suke kira ED (Early Decision), wato zagayen alƙawari da ake nema da wuri, idan aka ɗauke shi, wajibi ne ya janye takardunsa daga sauran jami'o'i. Shin ta shiga zagayen Nuwamba ne, ko ta jira na Janairu, alhali kuwa kuɗin ya fi ƙarfinmu sai da tallafi?

Malamar Jagoranci:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsarin jami'o'in biyu ya riga ya sauƙaƙa muku zaɓin. Brown zagayen alƙawari ɗaya take da shi, wanda ake rufewa ranar 1 ga Nuwamba, sakamako ya fito a tsakiyar Disamba, ita kuwa Hopkins tana da na biyu da ake rufewa a farkon Janairu, a ji amsa a Fabrairu. Idan ta fara da Brown aka ƙi ta, ko aka ɗage ta zuwa zagayen gama-gari, wanda babu alƙawari a cikinsa, alƙawarin ya warware, sai ta nufi Hopkins. Idan kuwa ta fara da Hopkins aka ɗauke ta, ta yi sallama da Brown ke nan, domin ba a yarda ɗalibi ya riƙe alƙawari biyu lokaci guda ba.

Tsohon Ɗalibi:
Alhaji, ni batun kuɗin ne ya fi damuna. Takardar alƙawarin mutum uku ke sa mata hannu, wato ɗaliba da mahaifinta da malamin jagorancin makarantarsu. Gaskiya ne ana sakin wanda tallafin da aka ba shi bai isa ba, amma abin da za ku rasa shi ne damar jera tayin jami'o'i da dama ku gwada su, wadda masu zagayen gama-gari suke da ita har 1 ga Mayu. Sai dai Brown, tun daga ɗaliban da suka shiga a 2025, ba ta duba buƙatar tallafin ɗan ƙasar waje wajen ɗauka, Hopkins kuwa tana dubawa, kuma wannan ma ya rinjaya zuwa Nuwamba.

Malamar Jagoranci:
Haka ne, sai dai in sakamakonta na SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, bai yi ƙarfi ba tukuna, domin a nan jira ya fi gaggawa amfani. Ko ma yaya, ta rubuta muƙalar da ake haɗawa da takardar neman gurbi a Hopkins tun kafin Disamba, saboda tsakanin amsar Brown da rufe zagaye na biyu bai fi mako biyu zuwa uku ba.