"Da ɗan gari akan ci gari": ya dace da ƙanin da ya buɗe wa maƙiya ƙofa?

Ɗan Ƙofar Doka: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Kusan shekara guda ke nan ina rubuta wani ƙagaggen labari na wata daula da ba a taɓa yi ba. Wanda ya kafa ta maharbi ne, ya sauka a gindin wani dutse, jama'a suka taru a kansa, ya ja ganuwa. Yana da ƙane, uba ɗaya uwa kowa da tasa, a hannunsa ya tashi, shi ya koya masa hawa, ya naɗa shi Madaki, ya damƙa masa dawakin yaƙi. Da tsufa ya kama sarki sai ya nuna ɗansa ne zai gaje shi. Daren da abokan gaba suka kewaye birnin, Madaki da hannunsa ya zare sakatar ƙofa. Ina so in sa wa littafin suna "Da ɗan gari akan ci gari". Zuciyata ta kwanta da shi, amma ina tsoron in ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba.

Malamin Hausa, Kongo: Wa alaikumus salam. Ta fuskar lafazi ba ka kauce ba. Cin gari a nan na yaƙi ne. Birni mai ganuwa da gwalalo, ga rumbuna cike, ga rijiyoyi a ciki, yana iya sa mahara su yi ta zaman jira har damina ta kore su. Saboda haka mai dabara yakan nemi na ciki, wanda ya san inda ganuwa ta zaizaye da lokacin da masu gadi ke gyangyaɗi. Sai dai ka lura, ɗan gari ta ce, ba ta ce ɗan uwa ba. Sarkin ƙofa ɗan gari ne, mai tallan fura ma 'yar gari ce. Abin da ke ƙona rai a labarinka shi ne jini, kuma karin maganar ba ta taɓo jini ba.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, ni a kasuwa ban taɓa jin an faɗe ta da nufin zargi ba. In baƙo ya zo sayen masara a Giwa ko Soba, cewa muke ya nemi dillali na wurin, don da ɗan gari akan ci gari. Shawara ce ta alheri. In na ga littafi da wannan suna, zan zaci labarin wani baƙo ne da ya yi dace da jagora.

Malamin Hausa, Kongo: Duka biyun suna nan, Alhaji. Wanda ke wajen ganuwa a wurinsa hikima ce, wanda ke ciki a wurinsa kuka ne.

Dattijon Kwarbai: Ɗana, abin da kake rubutawa yana da suna tun kafin a haifi kakanka: 'yan ubanci. Kuma ba sai ka ƙaga daula ba kafin ka gan shi. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai, Yusufu na gaba. To Bello da Abdullahi duk 'ya'yan Ibrahim Dabo ne, ka ga Tukur da Yusufu ɗan wa da ɗan ƙane ke nan. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ɗan uwansa Aliyu Babba ya karɓa, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Shi ne Basasa. Daga cikin gida wutar ta tashi. Ni da za ka ji tawa, ka sa "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Ranar da sarkinka ya nuna ɗansa bai zauna da ƙaninsa ba, ran nan bangon ya tsage. Zare sakata ya biyo baya ne kawai.

Ɗalibar Samaru: Baba, a yi mini afuwa, amma in aka ce bango ya tsage kamar an wanke Madaki ne. Bango ba ya da niyya, ruwa ne ke cin sa. Shi kuwa mutumin nan tashi ya yi cikin dare, ya taka da ƙafarsa har ƙofa, alhali ya san matan wansa da 'ya'yansa suna barci a ciki. Don an hana ka sarauta sai ka sayar da gari da mutanensa?

Dattijon Kwarbai: Ban wanke shi ba, 'yata, Allah ya kiyaye. Cewa na yi mai gida ma a tambaye shi ina yake lokacin da bango ke shan ruwa. Dubi nan Zazzau. Tun bayan jihadi gidaje huɗu ke sarauta: Mallawa na Malam Musa, Barebari na Yamusa, Katsinawa na Abdulkarimu, da Sulluɓawa na Abdussalami. An sha takara, an sha ɓacin rai, ba na musu. Amma wanda bai samu yau ba ya san gidansu na cikin lissafi. Marigayi Shehu Idris na Katsinawa ya yi shekara 45, daga 1975 zuwa 2020, bayansa ta koma Mallawa. Shi Madakin labarin nan an rufe masa ƙofa ne gaba ɗaya, shi da zuriyarsa.

Goggo, Tudun Wada: Ni abin da ya tsaya mini shi ne "uwa kowa da tasa" da yaron nan ya rubuta. Ɗana, don Allah kada ka bi hanyar da kowa ke bi, a ce uwar Madaki ce ta zuga shi. Na san a labarin Bayajida ana cewa Bagwariya ta sa wa ɗanta suna Karɓagari, Daurama ta sa wa nata Bawo, wai a dawo da gari. Tun muna yara ake ba mu shi a matsayin kishin mata. Amma wa ya tara su a gida ɗaya bai fayyace wa kowa matsayinsa ba? Na aurar da 'ya'ya, na ga rabon gado iri-iri, kuma sau da yawa maza ne ke kunna wutar, in ta ci gida a ce kishiya ce. Sannan ba kowane ƙane ne Madakinka ba. Da aka fitar da Sarkin Zazzau Makau daga birnin nan ya nufi Zuba, 'yan uwansa bin sa suka yi. Bayan rasuwarsa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja, bayansa kuma Abu Kwaka ya hau. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, su haka suka riƙe ta.

Malamin Hausa, Kongo: Goggo, ambaton Bayajida da kika yi ya tuna mini wani abu. Shi ma baƙo ne a Daura. Gidan tsohuwa Ayana ya sauka, ita ta gaya masa labarin macijin rijiyar Kusugu da ranar da ake samun ɗiban ruwa. Ba don ita ba, da wa zai nuna masa rijiyar? To ƙanena mai littafi, maharbinka da ya sauka gindin dutse, babu kowa a wurin? Dutsen Kufena ma da mutanensa kafin a ja ganuwar Zariya. In akwai mutane, wa ya nuna masa mashaya, wa ya shigar da shi wurin dattawansu, kuma me ya faru da mai wurin na farko?

Ɗan Ƙofar Doka: Malam, wallahi ban taɓa tambayar kaina wannan ba. A babin farko na rubuta cewa ya tarar da wasu maƙera a gindin dutsen, ɗan shugabansu ya yi abota da shi, daga nan ban sake ambaton su ba. Layi uku kacal na ba su. Ashe shi ma da ɗan gari ya ci garin.

Ɗalibar Samaru: To ka bar sunan yadda yake, Yaya. Amma kada wannan ya sa ka sassauta wa Madaki.

Ɗan Ƙofar Doka: Ba zan sassauta masa ba. Sunan zai zauna, babin farko ne zan warware in sake. Goggo, uwar Madaki zan sa ta rasu tun yana goye, kowa ya ɗauki laifinsa da kansa. Baba, in an yarda zan zo Kwarbai ranar Juma'a bayan an sauko, ina so in ji yadda ake rufe ƙofofin birni da, da wanda ke kwana da mabuɗi.

Dattijon Kwarbai: Ka zo da takarda da alƙalami. Ka biyo ta Babban Dodo, in ka iso ka tambayi yara, za su kawo ka zaure.