Dokokin Gwamnati da 'Yancin Neman Halali: Muhawarar 'Yan Zangon Accra

Alhaji Mai Albasa, Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma ina roƙon manya da ƙanana su daure su karanta har ƙarshe. Ranar Talatar da ta wuce yarona ya ɗauko albasa a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zai kai wa wata mai dafa shinkafa da wake, yana cikin sauke buhu a bakin titi sai masu kama kaya suka dira a kansa, suka ce ya tare hanya. Suka kwashe buhunan har da kwandon awo. Na bi sawu, aka yanka mini tara na biya, da na nemi rasit aka ce in dawo gobe. Kafin kayan su dawo hannuna sun sha rana, ƙasan buhu ya fara ruwa, ga shi albasa ba ta jiran kowa.

Asarar ba ita ce ta fi damuna ba, domin arziki na Allah ne. Abin da ya dame ni shi ne kowace shekara sai an fito da sabuwar dokar da za ta faɗa a kan mai ƙaramin jari. A Yulin 2021 aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie aka kai ta Adjen Kotoku, can hanyar Nsawam, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. A Oktoban 2021 ɗin aka ce duk wanda bai haɗa layin wayarsa da Ghana Card, wato katin shaidar ƙasa, ba, to za a rufe masa, alhali a wayar nan cinikinmu yake. A Mayun 2022 aka ɗora harajin E-Levy, kashi 1.5 cikin 100 a kan kuɗin da mutum ya tura ta MoMo, wato ta waya, kuɗin da ya riga ya yi gumi a kansu. Inda za ka zauna sai da izini, abin da za ka hau sai da izini, kuɗinka ma a lokacin ba sa fita hannunka sai an gutsura. Ina 'yancin da ake faɗa? An mai da mu baƙi a garin da aka yanke mana cibiya.

Malamin Makaranta, Mamobi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya mayar da mafificin alheri. Sai dai ina roƙonku da girman Allah ku janye kalmar nan ta "baƙi". Mu ba baƙi ba ne, kuma bai dace mu ɗauki sunan da masu ƙinmu suke jifanmu da shi mu maƙala wa kanmu ba. Malam Bako ya kafa Sabon Zango tun farkon ƙarni na 20, kafin a haifi da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi mulki a 1957, kuma kakanninmu suna fataucin goro tsakanin Salaga da Kano tun kafin Bature ya shata iyaka. Yaranmu suna karanta abin da muke rubutawa. Idan babba kamarku ya ce baƙi ne mu, me yaro zai amsa ran da abokin karatunsa ya ce masa ya koma garinsu?

Alhaji Mai Albasa, Nima:
Malam, ban ce baƙi ne mu ba, cewa na yi an mai da mu. Ku sake duba rubutun.

Baba Tsoho, Sabon Zango:
Ku duka biyun yara ne a kan wannan magana. Wanda bai ga 1969 ba bai san abin da ake nufi da baƙo a ƙasar nan ba. A ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Da idona na ga maƙwabcinmu tela ya sa keken ɗinkinsa a ƙofar gida yana roƙon a saya ko nawa ne, matarsa tana ɗaure tukwane a cikin zane, yaransu waɗanda ba su taɓa ganin Sakkwato ba suna kuka a bayan babbar mota. Gidaje da rumfuna sun tafi a kuɗin da bai kai na ƙofa ba. Wannan shi ne mai da mutum baƙo, ba kwashe buhun albasa ba. Kuma kowa a nan ya san jam'iyyar da take tinƙaho da sunan Busia har gobe, ita ce kuma ta tashi Agbogbloshie, ita ce ta kawo E-Levy. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mai Canji, Tudu:
Baba, da girmanku da furfurarku, amma ba za mu yi shiru ana juya tarihi ba. Tunda an shigo da jam'iyya, sai a faɗi duka. NPP ce ta ba Musulmi kujerar mataimakin shugaban ƙasa sau biyu, Alhaji Aliu Mahama daga 2001 zuwa 2009, da Dakta Bawumia daga 2017 zuwa 2025, har ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a 2024. Ita ce ta kafa asusun raya zango a 2017. Wacce take ɗaukarmu baƙi za ta yi haka? Yanzu ku gaya mini, wa ya rushe kasuwar Makola a 1979, aka yi wa mata bulala a bainar jama'a da sunan kalabule, don kawai sun sayar da kaya sama da farashin gwamnati? Ba sojojin Rawlings ba ne, wanda daga baya ya kafa NDC? Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle, wa ya shiga unguwar Old Fadama da motocin rusau, mutanenmu na arewa suka kwana a fili? A lokacin Shugaba John Mahama na NDC ne. Kuma ina tuna wa Alhaji cewa Talatar da aka kwashe masa kaya, ba NPP ce ke kan mulki ba.

Baba Tsoho, Sabon Zango:
Ɗana, kujerar mataimaki ba ta mayar wa tela kekensa ba.

Ɗan Okada, Newtown:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Ni ban ga 1969 ba, amma na san dokar hanya ta 2012 wadda ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, kuma gwamnatin NDC ce ta yi ta, duk da cewa ni ɗan NDC ne kuma Mahama ya yi mana alkawarin halatta sana'ar tun yaƙin zaɓen 2020. Fiye da shekara goma matasan zango suna wannan aiki ana kallonsu a matsayin masu laifi, alhali ma'aikacin ofis da cunkoso ya tsare shi, mu yake ɗaga wa hannu. Dokar ba ta hana okada ba ko na rana ɗaya, abin da ta yi kawai shi ne ta sa wa sana'ar farashi a kowace mahaɗa. Don haka ni na fahimci Baba Alhaji. Wanda yake aiki kullum da fargabar a ƙwace masa makulli, ko a Nima aka haifi kakansa, zaman baƙo yake yi.

Malamin Makaranta, Mamobi:
Ka ga abin da nake gudu ke nan. Tun ba a je ko'ina ba yaro ya ɗauki kalmar ya yafa. Ɗan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, da yake okada a Chorkor shi ma ana ƙwace masa makulli, shi ma baƙo ne? Wannan sunansa zalunci, kuma zalunci ba ya tambayar yare.

Ɗalibar Shari'a, Legon:
Assalamu alaikum iyayena. Ina ganin Malam da Baba Alhaji kowa yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma akwai abin da doka ta ce wanda ya kamata mu sani. A ƙarƙashin sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1992, haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, sai idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Wannan ne ya sa wasu 'yan zango suke shan tambayoyi a wurin yin Ghana Card da zarar an ji sunansu. Haka kuma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe sayar da kaya a cikin kasuwa ga 'yan ƙasa kaɗai, ita ce aka riƙe aka kulle shagunan 'yan Najeriya a Circle da Suame na Kumasi. Sanin kowa ne a cikin masu harkar albasa akwai waɗanda suka zo daga Nijar tare da kayan, to su a idon doka baƙi ne na gaske, ko mun so ko mun ƙi.

Alhaji Mai Albasa, Nima:
'Yata, me kike so ki ce? Albasa ce take zuwa daga Galmi, ba ni ba. Mahaifina a Nima aka binne shi, kakata ta wajen uwa 'yar Salaga ce. Na kawo kukana a gaban 'yan uwa, sai a koma binciken asalina?

Ɗalibar Shari'a, Legon:
Baba Alhaji, wallahi ban ambaci asalinku ba. Abin da doka ta tanada na kawo.

Mai Canji, Tudu:
Ba ki ambata ba, amma kowa ya gane inda maganar ta dosa. Wannan ita ce matsalar 'yan boko, a koya musu sashe biyu su zo suna tantance wa dattawa wane ne ɗan gari. Kuma tun da ake maganar 'yan Najeriya, a tuna cewa a 1983 gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, ba mu muka fi kowa iya kora ba.

Baba Tsoho, Sabon Zango:
Mu muka fara a 1969, su rama suka yi. Ka bar yarinyar nan, gaskiya ta faɗa.

Hajiya Mai Koko, Kotobabi:
Jama'a, ku yi wa Allah ku dawo kan maganar da Alhaji ya kawo. Ni mai sayar da abinci ce, kowace shekara sai na je an gwada lafiyata an ba ni takarda, kuma ban taɓa ganin wannan a matsayin tauye 'yanci ba, domin ni ma ba zan so jikana ya sha kokon mai ciwon taifot ba. Rashin doka shi ma yana cin dukiyar talaka. Mun ga yadda kuɗin mutane suka maƙale a kamfanin ajiya da ba da rance na DKM a 2015, mun ga kamfanin zinare na Menzgold da aka dakatar a Satumban 2018 bayan dubban mutane sun zuba abin da suka tara, kuma a lokacin kowa cewa yake ina gwamnati take tun farko. Titin Nima kuwa, duk wanda ya taɓa bin motar da ta ɗauko mai naƙuda ranar Laraba, ranar kasuwa, ya san tare hanya ba ƙaramin abu ba ne. Ni abin da na riƙe a labarin Alhaji shi ne tarar da ba ta da rasit. A nan ɓarnar take, kuma a nan ya kamata sarakunan zango su tsaya. Sannan Alhaji, kada ku ji haushi, lokacin da ECOWAS ta rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu albasa sun ninka mana kuɗi har a kan kayan da suke ajiye tun kafin rufewar, kuma ba mu ji wanda ya yi maganar 'yancin mai saye ba.

Alhaji Mai Albasa, Nima:
Hajiya, motoci sun yi makonni a kan iyaka kaya suna ruɓewa, wa ya biya mu? Ku masu koko da gero ya tashi ba ku rage ludayi ba?

Malamin Makaranta, Mamobi:
Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Magatakarda:
Assalamu alaikum. Dare ya yi, don haka bari in taƙaita abin da aka tattauna saboda waɗanda ba su samu bibiya ba. Alhaji ya kawo kuka a kan yadda dokoki suka matse masu ƙaramin jari, kuma misalai ukun da ya bayar, wato tashin Agbogbloshie, rajistar layukan waya da E-Levy, duka a zamanin gwamnatin Akufo-Addo aka yi su, babu wanda ya musanta wannan. Baba ya tunatar da mu tushen abin tun daga 1969, kuma shaidar gani da ido ta fi ƙarfin kowace hujja da aka kawo yau. Ɗan uwanmu na Tudu ya ambaci Makola, amma wannan tsohon zance ne na mulkin soja wanda bai shafi halin da muke ciki ba. Abin da ya kamata a ƙara shi ne Shugaba Mahama ya sa hannu an soke E-Levy a Afrilun 2025, 'yan watanni bayan hawansa, wanda ya nuna wa yake jin kukan talaka. A kan kalmar "baƙi", ra'ayin mafi yawa shi ne Alhaji bai yi kuskure ba, domin haka aka ɗauke mu shekara takwas. Muna roƙon 'yarmu ta Legon ta ba Alhaji haƙuri, a rufe maganar a nan.

Ɗalibar Shari'a, Legon:
Kawu, ina girmama Baba Alhaji kamar mahaifina, amma ban san laifin da zan ba da haƙuri a kansa ba, tunda abin da na rubuta yana nan kowa zai iya komawa ya karanta.

Mai Canji, Tudu:
Magatakarda, ban yarda da wannan taƙaitawa ba, kuma ina so a rubuta cewa ban yarda ba. Ta yaya 1979 ta zama tsohon zance, 1969 da ta girme ta da shekara goma ta zama tushe? Ina Old Fadama a cikin bayaninka, ina dokar okada da ɗan jam'iyyarku da kansa ya kawo, ina maganar Hajiya gaba ɗayanta? Bawumia ma ya yi alkawarin soke E-Levy tun kafin zaɓe, ba ka faɗa ba. Kuma wa ya ƙirga "mafi yawa"? Malam bai yarda ba, ni ban yarda ba, Hajiya ba ta ce komai a kan kalmar ba. Ranar Juma'a bayan an sauko zan same ka a gaban Baba, ka nuna mini yadda ka yi lissafin.