Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya: to wadda ta haifi fim fa?

Ɗan Gwale: Salamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Ni dai ina da ja a kanta, ga dalilina. A shekarar 2000 wani littafi mai suna Sarah ya fito a Amurka da sunan wani matashi, JT LeRoy, na biyu ya biyo baya a 2001, The Heart Is Deceitful Above All Things. Aka ce yaron a jihar West Virginia ya taso, uwarsa 'yar ƙwaya ce mai bin wuraren da direbobin manyan motoci ke yada zango, tun yana ƙarami ake lalata da shi, har ya kamu da ƙanjamau. Asia Argento 'yar Italiya ta mayar da na biyun fim, ita ta ba da umarni, ita ta fito a uwar, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 2004. Ashe yaron nan babu shi. Wata mata ce, Laura Albert, haihuwar 1965, ke rubutun. In kuma ana son ganin marubucin ido da ido, sai ƙanwar abokin zamanta, Savannah Knoop, ta ɗora gashin kanti da baƙin tabarau ta fito. Ga littattafai, ga fim, ga kuɗi, ga suna. In waɗannan ba 'ya'ya ba ne, mene ne su?

Malam Na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Ɗan Gwale, ka tsaya a tsakiyar labarin. A Oktoban 2005 Stephen Beachy ya fasa ƙwai a mujallar New York, farkon 2006 jaridar New York Times ta gano mai gashin kantin. Daga baya kamfanin Antidote, wanda ya sayi izinin mayar da Sarah fim, ya maka Laura a kotu don ta sa hannu a yarjejeniya da sunan wanda babu shi, a 2007 aka ce ta biya dala 116,500. Magabata ba su ce ƙarya ba ta da kyan gani ba, shi ya sa ma suka kira ta fure. 'Ya'ya shi ne abin da za ka ɗiba ka ajiye ka sake shukawa. Wane littafi JT LeRoy zai sake rubutawa?

Maman Hanifa: Malam, ni da na ɗauka "ramin ƙarya ƙurarre ne" ya fi dacewa a nan.

Malam Na Ƙofar Mata: Maman Hanifa, ba aikinsu ɗaya ba. Rami kan tonon asiri yake magana, fure kan riba. Kuma ramin nan bai ƙure da wuri ba, ya kai wajen shekara goma.

Bamalli: Ku yi haƙuri zan ɗan kare matar. A bangon littattafan ƙagaggen labari aka rubuta, ba tarihin rayuwa ba. Mu ma mai tatsuniya yakan rufe da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", babu mai kai shi gaban alƙali. Sannan ta faɗa wa kotu cewa ita ma an ci zarafinta tana yarinya, kuma ta saba kiran layukan neman taimako da muryar namiji saboda ba ta iya faɗa da bakinta na mace. Ta haka ta haɗu da wani likitan halayya a San Francisco, Terrence Owens, wanda ya ba ta shawarar ta riƙa rubutawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Hajiya Ta Sabon Gari: Bamalli ɗana, mai tatsuniya tun kafin ya fara yake cewa "ga ta nan ga ta nanku", kowa ya san inda aka dosa. Gizo bai taɓa sa hannu a takardar kuɗi ba. Marubuta irin su Dennis Cooper sun ɓata sa'o'i a waya suna lallashin yaron da suka zaci yana bakin mutuwa. Tausayinsu aka ci.

Kuma ni ban yarda ƙaryar nan ba ta yi 'ya'ya ba. Ta yi, masu ɗaci, sai dai ba mai shukar ke ci ba. Na daɗe ina koyarwa a firamare. Yarinya za ta tsaya bayan an tashi, tana murza bakin hijabinta, ta fara magana ta haɗiye, sai da ƙyar kalma ɗaya ta fito. Abin da take tsoro bai wuce a ce mata "ƙarya kike" ba. Duk lokacin da aka kama babba ya ƙirƙiri irin wannan labari, an ƙara wa masu cewa haka hujja.

Ɗan Gwale: To Hajiya, kin dawo gefena ke nan.

Hajiya Ta Sabon Gari: Ban dawo ba. Kai riba kake ƙirgawa.

Mai Kallon Fim: Bari in sa baki ta ɓangaren fim ɗin. Yara na gaske aka sa a ciki, har da tagwayen nan Dylan da Cole Sprouse, kuma akwai wuraren da mutum zai kau da kai. Fim ne na masu zaman kansu, ba na manyan kamfanonin Hollywood ba, jarinsa shi ne a ce "wannan ya faru". Da wannan hatimin, wanda ya ce an zarce gona da iri sai a ce ba shi da tausayi. Da aka sake shi a sinimomin Amurka a Maris ɗin 2006 asiri ya riga ya tonu, sai tambaya ta koma: don me ake nuna mana wahalar yaro haka? Ba shi ne farau ba ma. A 1993 an buga littafin wani yaro, Anthony Godby Johnson, shi ma cin zarafi da ƙanjamau, shi ma ta waya kawai ake jin sa, har aka fara zargin matar da ta ce tana riƙonsa ce ke maganar. Marubuci Armistead Maupin, wanda ya sha hira da shi, ya gina littafinsa The Night Listener a kai, Robin Williams ya fito a fim ɗin a 2006.

Maman Hanifa: Malam, tambaya ta ƙarshe. Karin maganar nan gargaɗi ce ko sai bayan an kama mutum ake faɗa?

Malam Na Ƙofar Mata: Yadda na ji manya na yi, an fi faɗar ta lokacin da maƙaryacin ke kan ganiyarsa, don a kwantar wa wanda aka cuta hankali. Bayan an kama shi ba a buƙatar ta.

Ɗan Gwale: Na ji, Malam. Amma a 2016 an yi fim na gaskiya kan Laura, a 2018 aka yi wani da Kristen Stewart da Laura Dern, littattafan kuma har yau ana sayarwa. Ni har yanzu ban sauka daga bakana ba.