Lissafin ƙwayoyin jini zai iya nuna wanda zai daɗe da dajin bututun maɗaciya?

Ɗalibar likitanci: Assalamu alaikum, manyanmu. Jiya a zagayen duba majinyata aka ce mana idan aka raba adadin nutrofil da na limfosayit (nau'o'i biyu na fararen ƙwayoyin jini), sakamakon na nuna wanda zai daɗe cikin masu dajin bututun maɗaciya. Wai in ya haura 3, al'amarin ya yi tsanani. Abin ya ja hankalina, tunda gwaji ne da ake yi ko a ƙaramin asibiti.

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai ƙamshin gaskiya. Limfosayit ne ke farautar ƙwayoyin daji. In suka ragu, nutrofil suka yi yawa, jiki na cikin kumburi, daji kuwa ya samu wurin sakewa. Bincike da dama ya nuna masu babban lissafi ba sa kaiwa inda sauran ke kaiwa.

Mai ɗakin gwaji: Ranka ya daɗe, ni dai ban gamsu ba. Majinyacin nan ba ya iso mana sai shawara ta rina masa ido, fitsari kamar shayi, yana ta susa har fata ta ɗaye. Bututu ya toshe, ƙwayoyin cuta sun taru a ciki, ga zazzaɓi. Dole nutrofil su tashi! A buɗe toshiyar, a ba shi magani, sai lissafi ya sauko. To me muka auna, daji ko toshiya? Haka CA 19-9, sinadarin da ake aunawa a jini don alamar daji, yake: toshiya kaɗai na ɗaga shi, wasu mutanen ma jikinsu ba ya yin sa sam.

Likitar daji: Shi ya sa ban ɗaukar jinin sai shawara ta lafa. Kuma iyakar ma ba a daidaita ba, wasu 3, wasu 5. Ku duba gwajin TOPAZ-1, wanda ya sa Amurka ta amince da maganin daji na durvalumab a 2022: tsaka-tsakin rayuwa ya tashi daga wata 11.5 zuwa 12.8. An auna PD-L1, furotin ɗin da maganin ke toshewa, a jikin ƙarin, bai raba wanda zai amfana da wanda ba zai amfana ba. In wannan bai iya ba, ina ga lissafin jini?

Ma'aikaciyar jinya: Ni damuwata iyalai. Na ga saurayi zaune bakin gadon mahaifinsa, takardar gwaji a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana lissafi hawaye na zuba. Tsohon ya tashi ya koma gida bayan an sa masa bututun buɗe toshiyar.

Likitan tiyata: Allah ya ƙara masa lafiya. Ban janye ba dai, lissafin na taimaka mini gane wanda ya kamata a ƙara ginawa kafin a shiga da shi tiyata. Amma in za ki tambaye ni wa zai daɗe, 'yata, fara dubawa ko an cire ƙarin duka, ko ya riga ya shiga kaluluwa.

Ɗalibar likitanci: To Baba, in sake ɗaukar jinin na gado na huɗu bayan zazzaɓinsa ya sauka?

Mai ɗakin gwaji: Ki aiko, zan haɗa da gwajin albumin, wato furotin na jini.