Rafin Redwood a bakin ƴan Damagaram

Ɗan Birni:
Rafin Redwood can Kalifoniya, daga tsauni yake sulalowa,
Itacensa ya haura mita 100, hazon teku yake tsotsowa,
Kifin samon ya girma a teku, da ƙamshin gida yake dawowa,
Ya zuba ƙwai cikin tsakuwa ya mace, ba shi ƙara komawa.

Ƴar Zango:
Yaya, randarku ta ƙafe ƙaf, kai kana waƙar korama?
Tun asuba muke layin pampo, kana kwance kana hamma,
Nasara ma ƙishi ya ishe su, 1926 Yamai suka koma.

Na Sabon Gari: Wayyo! Ta shanya shi a rana. Zango ba a taɓa ku a kwana lafiya.

Malam Mai Alli: Kafin ku yi guɗa, ɗango na biyu na Ɗan Birni ɗingishi yake. "Mita 100" ta ƙi zama cikin kari. Ƴar Zango kuma ɗango uku ta kawo, ina na huɗu?

Ɗan Birni:
Ƙanwata, can ma an yi ɓarna, manyan itace aka sassare,
Laka ta sauko ta binne tsakuwa, ƙwan kifi duk ya maƙure,
Sai 1968 aka sa doka, gandun ƙasa aka tsare,
Ke gawon da ke bayan gidanku, a murhun wa ya ƙare?

Na Sabon Gari: Malam, a rera a ji mana. Waƙa da kunne ake auna ta, ba da yatsa ba.

Malam Mai Alli: Na rera, yaro. Har yanzu gurguwa ce.

Ƴar Zango: Ku yi haƙuri, wuta ce aka ɗauke tun jiya.
Je ka Matamai, je ka Magarya, gawo ya cika gonaki,
Manomi ne ya bar tsiro ya tashi, inuwa ga awaki,
Kai kuwa ka rungume waya kana kallon ruwan wasu da mamaki.

Malam Mai Alli: Uku kuma! Kuma ɗangon ƙarshe ya yi jela.

Baƙo daga Mirya:
Ni dai kifi nake tambaya,
Wanda ya macen nan, ana bandarsa ko a'a?

Malam Mai Alli: Wannan kuma wa ya shigo da shi?